Tambaya da Amsa: Firem Nawa Ya Dace da Allon Talla Mai Motsi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin zane da kwamfuta a wani shagon ɗab'i a Samaru. Kawuna, wanda ke ɗinkin manyan riguna a cikin birnin Zazzau, ya sa na haɗa masa allon talla mai motsi da za a ɗora a saman wani shafin labarai. Na yi shi GIF, wato fayil ɗin hoto mai motsi, mai tsawon sakan 10, da firem 30 a kowane sakan domin motsin ya yi sumul, amma mai shafin ya maido mini da shi, ya ce ya yi nauyi. Firem nawa ya kamata in sa? Daga Nasiru, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Da ma an ce in rawa ta sauya, kiɗa ma sai ya sauya, kuma lissafin da ka yi na bidiyo ne, ba na allon talla ba. Firem hoto ne guda a tsaye, kuma jera su da sauri ne ke sa ido ya ga kamar abu na motsi. Fim ɗin silima yana tafiya da firem 24 a sakan, talabijin ɗinmu na Najeriya da 25, na Amurka kuwa da kusan 30. Waɗannan adadi an tsara su ne domin mai kallon da ya zauna musamman don ya kalla, alhali mai karanta labarai a waya wucewa kawai yake yi ta gefen tallanka.

Mu duba aikinka da alƙaluma. Sakan 10 sau firem 30 ya ba da hotuna 300 a cikin fayil ɗaya. Google Ads, dandalin tallace-tallace na kamfanin Google, ba ya karɓar allon talla da nauyin fayil ɗinsa ya haura kilobayit 150, wato kowane hoto naka zai samu rabin kilobayit ne kacal, abin da ba zai ɗauki ko wuyan rigar ba, balle aikin aska takwas da ke ƙirjinta. Kamfanin ya kuma shardanta cewa GIF mai motsi ya kasance ƙasa da firem 5 a sakan, kuma motsin ya tsaya cak kafin ya wuce sakan 30, ko da maimaita kansa yake yi. Da firem 4 a sakan, aikinka ya koma hotuna 40, kowanne ya samu kusan kilobayit 4.

Akwai wani abu game da GIF da masu zane da yawa ba su lura da shi ba. Wannan tsari tsoho ne, kamfanin CompuServe ya fito da shi a 1987 ya inganta shi a 1989, kuma bai san wani abu wai shi firem a sakan ba. Abin da yake ajiyewa shi ne jinkirin kowane hoto, ana auna shi da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Jinkirin 25 yana ba da firem 4, jinkirin 20 firem 5, jinkirin 4 kuwa firem 25. Shi ya sa 30 ɗin da ka zaɓa ba ya ma fita daidai, domin 100 ba ya rabuwa da 30 ba tare da saura ba. Wanda kuma ya sa jinkirin sifili da zaton zai samu gudu, sai burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta mayar masa da shi 10, tallan ya riƙa tafiyar hawainiya.

A nan ne alherin yake, tun da kowane hoto yana iya samun nasa jinkirin. A ganina tallan kawunka bai buƙaci fiye da fuska uku ba: rigar da aikin zarenta a kusa, sunan shago da unguwa, sannan lambar waya. Bari kowace fuska ta tsaya sakan 2 ko 3, gwargwadon lokacin da kai kanka za ka karanta rubutun a bayyane ba tare da gaggawa ba, kuma hoton da ya tsaya sakan 3 firem ɗaya ne a wajen nauyi. Ka guji dusashewar hoto a hankali zuwa wani, domin tana sauya kowane ɗigo na allon, ga shi GIF launi 256 kawai yake iya riƙewa, sai shaddar ta fito da dabbare-dabbare kamar an wanke ta da ruwan kanwa. Ka kuma guji walƙiya fiye da sau uku a sakan, saboda tana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu.

Idan lallai sumul ɗin kake so, to ka koma HTML5, wato tsarin rubuta shafukan intanet na zamani, wanda ya gaji Flash, tsohuwar fasahar motsi da aka daina tallafa mata a ƙarshen 2020. A can hoton rigar guda ɗaya ne, umarni ne ke zame shi, kuma burauza ce ke daidaita motsin da fuskar na'urar, wadda galibi ke sabunta kanta sau 60 a sakan, don haka nauyin bai danganta da yawan firem ba. Sai dai ka fara tambayar mai shafin ko yana karɓarsa, da kuma girman da yake so, wato faɗi da tsawo a ɗigon allo, ko 728 da 90, ko 300 da 250, ko 320 da 50 na waya.

Kafin ka miƙa aikin, kada ka yarda da kwamfutar shago. Ka buɗe shi a ƙaramar waya mai arha, da data, a inda sabis ke da rauni, ka ga ko ya fito kafin yatsa ya ja shafin ya wuce. Sannan ka tabbata firem na ƙarshe shi ne mai lambar wayar kawu, domin idan motsin ya ƙare, a kansa allon zai tsaya.