Yadda za ki gane ko tabon ƙuna na samun sauƙi

'Yar'uwa, kin ce likita ya ga tabon ƙunar hannunki ya yi kyau, amma ƙaiƙayi na hana ki barci. Ido ba ya ganin ƙaiƙayi, shi ya sa ma'aunin tantance tabo mai suna POSAS da aka fitar a Holan a 2004 ya ware wa majinyaci tambayoyi shida: ciwo, ƙaiƙayi, launi, tauri, kauri da rashin santsi. Kowanne maki 1 zuwa 10, inda 10 ne mafi muni.

Ki riƙa rubuta makin duk wata uku, ki nuna wa likita ɗaya bayan ɗaya, don jimilla kan ɓoye matsala. Tabon kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya lafa. Amma in yatsu suka fara ƙin miƙewa, kada ki jira wata ukun.