Tambayi Anti: Zan je Japan karon farko, amma Japanancina na cikin littafi ne

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 23. Shekara biyu ke nan ina koyon Japananci, kuma bara na ci jarrabawar JLPT, ta auna iya Japananci, matakin N4. Yanzu Allah ya yi, na samu gurbi a wata makarantar koyon harshe a Tokiyo, kwas na mako 12 daga watan Oktoba, an kuma haɗa ni da gidan da zan zauna, wata dattijuwa da mijinta. Ko jirgin sama ban taɓa hawa ba. Tsorona kada in sauka a yi mini magana in kasa ganewa, ko in yi wani abin da zai zama rashin ɗa'a a gidan mutane. Ga maganar abinci da salla, don ni Musulma ce mai hijabi. Sannan wata ƙawata ta ce in sayi tikitin jirgin ƙasa na zagaye ƙasar, in ga Kiyoto da Osaka da Hiroshima da Hokkaido, wai ba kullum ake zuwa ba. Ki ba ni shawara tsakani da Allah, na ji an ce kin yi karatu a can.

Ƙanwarki, mai shirin tafiya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya sa a je a sa'a.

Bari in fara da abin da ba ki so ki ji. Za ki sauka a filin jirgin saman Narita ko na Haneda, wani ma'aikaci ya yi miki magana, ki rantse ba harshen da kika shekara biyu kina karantawa ba ne. Kada ki ɗauka kin yi asarar lokaci. Jarrabawar JLPT, tun daga matakin farko N5 har na ƙoli N1, kalmomi da nahawu da karatu da sauraro kawai take aunawa, babu inda ake zaunar da mutum a ce ya buɗe baki. Takardarki shaida ce cewa kayan suna cikin kai. Sauko da su zuwa baki aiki ne na daban, kuma shi ne zai kai ki Japan.

Wanda zai fara rikita ki ba malamin aji ba ne, yaron kanti ne. Ƙananan kantunan nan da suke kira konbini, irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, galibi ba sa rufewa dare da rana, kuma a nan za ki riƙa sayen ruwa da ƙwallon shinkafa da katin waya. Kina ajiye kayanki zai zubo miki tambayoyi a jere, idonsa a kan na'ura, da harshen girmamawa na keigo wanda littafin N4 ya ɗan taɓa kawai ya wuce. Yana tambaya ne ko kina son leda, don tun watan Yulin 2020 sayenta ake yi. Ko a ɗumama miki abincin, wato “atatamemasu ka”. Ko kina da katin tara makin sayayya. Ko a sa miki sandunan cin abinci. In kina so ki ce “onegai shimasu”, in ba ki so ki ce “daijobu desu”. Kuɗin kuma a ɗan farantin da ke gabansa za ki ajiye, ko ki zura a na'ura, ba a tafin hannunsa ba. Canjinki ki kwashe kaf, ba a barin tukuici a kanti ko gidan abinci. In kika bari, sai ma'aikaciya ta biyo ki titi da gudu da kuɗin a hannu.

Ga shawarata mafi girma. Ki zaɓi kanti ɗaya kusa da gidanku, ki riƙa zuwa kullum a lokaci ɗaya. Tambayoyin ba sa canjawa, don haka a mako na farko za ki haddace su, a na biyu kunnenki ya fara raba kalmomin, a na uku ki tarar kin amsa ba tare da kin fassara a zuci ba. Haka za ki yi da mai gidan burodi, da ma'aikacin tasha, da tsohuwar da ke share ƙofar gidanta da safe. Mutanen Tokiyo ba sa fara yi wa baƙo hira, amma fuskar da suka saba gani suna sakar mata jiki. Ranar da tsohuwar nan ta ce miki “samui desu ne”, wato ana sanyi ko, kika ba ta amsa ta ƙara wata maganar, darasin ranar ya fi na aji.

Za ki gaji da jin “Nihongo jozu desu ne”, wai kin iya Japananci. Ko gaisuwa kaɗai kika yi za a faɗa miki, don haka kada kanki ya kumbura. Ki ce “mada mada desu”, da sauran aiki. Wasu kuma suna ganin fuskarki za su juya zuwa Turanci don su sauƙaƙa miki. Ki yi murmushi ki ci gaba da Japanancinki. Abokan ajinki ma ki yi hattara da su. Ɗaliban ƙasashe daban-daban in suka taru, Turanci ne ke cin kasuwa, sai mutum ya yi wata uku a Tokiyo Turancinsa ne ya ƙaru.

Mu shiga gida. Daga ƙofa akwai ɗan wuri mai ƙasa-ƙasa da ake kira genkan. A nan za ki cire takalmi, ki tako sama, ki juyo da takalmin bakinsa ya kalli ƙofa. Za a ba ki silifa na cikin gida, amma ba a taka tabarmar tatami da shi, sai da safa ko ƙafa. Banɗaki yana da nasa silifan, kuma a can ake barin sa; babu abin da ke sa masu gida su ƙunshe dariya kamar baƙo ya fito falo da shi. In za ki fita ki ce “ittekimasu”, in kin dawo ki ce “tadaima”, kafin cin abinci “itadakimasu”, bayan an gama “gochisosama deshita”. Kada ki soke sandunan ci a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ki miƙa wa wani abinci daga sandunanki zuwa nasa, duka biyun abubuwa ne da suka shafi jana'iza a wurinsu.

Wankan dare shi ne ya fi ba baƙi mamaki. Ana cika kwamin wanka da ruwan zafi sau ɗaya, kuma duk mutanen gidan a cikinsa za su jiƙa jiki bi da bi. Saboda haka a waje ake zama a kan ɗan kujera a yi sabulu a ɗauraye tas, sannan a shiga. Ba a kai sabulu ciki, ba a kuma zubar da ruwan in an fito. Sau da yawa baƙo ake ba wa ya fara, girmamawa ce. In ranki bai kwanta ba, ki ce shawa ta ishe ki, ba wanda zai ji haushi. Gidajen wanka na jama'a da maɓuɓɓugan ruwan zafi, wato onsen, tsirara ake shiga, maza daban mata daban. Ki san haka tun kafin 'yan aji su ja ki, kuma wasu masaukai suna da ɗakin wanka da mutum zai kama shi kaɗai.

Ki kuma koyi jin “a'a” da ba a furta ba. Kika tambayi matar gidan ko za ki iya gayyato ƙawa ta kwana, ta ja numfashi ta ce “chotto…” ta bar maganar a rataye, to an hana ki. Kada ki sake tambaya. Ke ma in za ki makara ko ba za ki ci abincin dare a gida ba, ki aika saƙo da wuri, don ta riga ta auna shinkafarki.

Maganar abinci kuwa, a nan kawaici zai cuce ki. Ki rubuta wa matar gidan tun yanzu, ta hannun makarantar, da Japananci mai sauƙi: ba kya cin naman alade da duk abin da aka yi da shi, ba kya shan giya ko a cikin girki, ga matsayinki game da kaza da naman sa da ba yankan Musulmi ba, ga kuma abin da kike ci, kifi da ƙwai da ganye da awara, wato tofu. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci, don mai girki abin da za ta dafa take son ji. Abin da ke kunyata Bajapaniya shi ne ta ɓata yini a kicin ki zo kan tebur ki janye hannu. In an gaya mata tun farko, za ki ga ta zauna da tabarau tana karanta bayan kwalba saboda ke.

Alade yana ɓuya a inda ba ki zata: romon taliyar ramen, wanda sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa, da dunƙulen miyar kori, da kitsen cikin wasu burodi, da jelatin na alewa. Ki haddace harafin kanji, rubutunsu mai asali daga Sinanci, na alade da na giya kamar sunanki, ki kuma ƙware a karanta katakana, haruffan rubuta kalmomin aro, da sauri, don da shi ake rubuta yawancin waɗannan sinadaran a bayan leda. Akwai kuma mirin, wani ruwan girki mai zaƙi wanda na asalinsa yana da barasa kusan kashi 14 cikin 100, kuma yana shiga miya da gashin kifi da yawa. Abin da ya shafi ɗan burbushin da ke cikin ruwan waken soya, malamai sun yi magana a kai, ki tambayi naki kafin ki tashi don kada ki je kina waswasi a kan kowace loma.

Salla ba za ta ba ki wuya ba. Narita da Haneda duk suna da ɗakin salla. Babban masallacin Tokyo Camii yana kusa da tashar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa ne da aka sake buɗewa a 2000 a gurbin na 1938, kuma akwai kantin halal a harabarsa. Unguwar Shin-Okubo ma tana da shagunan nama da kayan yaji. A makaranta ki roƙi wani aji da ba kowa, yawanci ba sa hanawa in an nema da ladabi. Ki dai lura rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 na yamma a Disamba, azahar da la'asar da magariba sai su taho a matse. Banɗakunansu da yawa suna da abin fesa ruwa, wannan kam sun hutar da mu, sai dai in kin yi alwala a wurin wanke hannu ki goge ruwan da ya zuba. Hijabinki za a kalla, musamman yara da tsofaffi, amma da wuya a tanka miki. Wuraren bautarsu kamar Meiji Jingu da Senso-ji na Asakusa kina iya shiga ki kalla, ba wanda zai ce sai kin tafa hannu ko kin rusuna. A gaisuwa ma ɗan sunkuyar da kai ya wadatar.

Tsaraba ki kai, ƙarama, a naɗe da kyau, ki miƙa da hannu biyu. Amma ban da kilishi ko dambun nama. Japan ta hana shigo da nama da kayan nama ba tare da takardar hukuma ba, akwai karnuka masu shinshina jaka a filin jirgi, tarar kuma mai nauyi ce. Magungunan mura ma wasu haramtattu ne a can, ki duba naki tun a gida.

Ƙawarki kuma ki gaishe ta, amma ban goyi bayanta ba. Tikitin da take nufi, Japan Rail Pass, a Oktoban 2023 na mako ɗaya ya koma yen 50,000, kuɗin Japan, alhali zuwa Kiyoto da dawowa a jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen bai kai yen 30,000 ba. Ko da kuɗin ma, mai tsalle daga gari zuwa gari da masu sayar da tikiti kawai yake magana. Ki ware ƙarshen mako ɗaya a rabin Nuwamba na biyu, lokacin da ganye ke yin ja, ki je Kiyoto, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci ce. Birnin ya yi fiye da shekara dubu yana fadar sarki tun daga 794, kuma a can kunnenki zai ɗanɗana karin harshen yankin, wato Kansai. Tsohon garin Kamakura kuma awa ɗaya ne daga Tokiyo, ki je ki dawo a yini. Hokkaido ta jira wani zuwan.

Tunda zamanki bai kai kwana 90 ba, da alama bizar gajeren zama za a ba ki. Da ita ba a yin aikin kuɗi ko na awa ɗaya, ba za ki shiga inshorar lafiya ta gwamnati ba, don haka ki sayi ta matafiya, kuma doka ce fasfonki ya kasance a jikinki kullum. Ki sayi katin Suica ko Pasmo don jirgi da bas. In kin ɓata, ki nemi ɗan ofishin 'yan sanda na unguwa, koban, matambayi ba ya ɓata. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da kashe gobara 119. Wayarki na iya kurma ihu da tsakar dare, gargaɗin girgizar ƙasa ne. Ki kare kanki ƙarƙashin tebur, ki yi abin da masu gida suka yi.

Ga wata tambayar: Anti, ni a finafinan zanen motsi na Japan na koyi yawancin abin da na iya, kuma ina sa ran zuwa baɗi. Zai yi mini amfani?

Wani ƙaninki

Zai yi, kunnenka ya riga na 'yan littafi sabawa da saurin maganarsu. Matsalar ita ce jaruman nan maganar faɗa da ta abokai suke yi. Ka kira malami ko mai shago da “omae”, wato “kai” na gatsali, ka ga yadda fuska za ta canja. Ka tsaya a kan maganar ladabi ta “desu” da “masu” da “watashi” har sai abokinka da kansa ya ce ku sassauta. Ka liƙa “san” a sunan kowa ban da naka, malami kuma “sensei” za ka ce masa. Kafin baɗin, ka samu wanda zai riƙa gyara maka magana ko sau ɗaya a mako, ka kuma zauna ka koyi rubutun, don ba kowane allo ne ke zuwa da fassara a ƙasa ba in ka bar manyan birane.