Kisan taku huɗu ya daina ci, me zan haddace?

Tambaya: Malam, wata shida ina cin wasan ces a dandalin intanet na Lichess da kisan nan na taku huɗu. Yanzu da makina ya haura, kullum ni ake lallasawa. Wani a YouTube yana tallar "buɗin sirri", wato wani salon fara wasa, da ya ce ba a iya tare shi. In saya?

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Babu buɗin da ba a tarewa. Da akwai, da wasan ya mutu tun zamanin Ruy Lopez, wanda ya buga littafinsa na ces a 1561.

Abin da kake yi tarko ne, kuma kusan kullum sai na gamu da mai wannan ciwon. Ka tura soja gidan e4, shi ma ya tura nasa e5, ka tura sarauniya h5, bishof c4, kana addu'ar abokin karawa ya manta da sojansa na f7 da ke gefen sarki, ka cinye shi da sarauniya ka kashe wasan. Wanda ya san hannunsa zai fito da doki c6, ya tura soja g6, sarauniya ta koma f3, ya sa ɗaya dokin a f6. Shi ke nan, tarko ya tashi. In ka yi taurin kai ka kai sarauniya b3, doki ya faɗo d4. Ka cinye f7 da bishof, sarki ya matsa e7, sarauniya ta gudu c4, soja ya zo b5, bishof ɗinka ya tafi. Sau huɗu ka taɓa sarauniya, dawakanka biyu na barci a gida.

Masu tallar nan ba sa nuna maka wannan. Wasan da wani ya faɗa rami kaɗai suke sakawa, da rubutu ja da fuskar mamaki, su karɓe kuɗinka. Wasu har da kafa hujja da gwanin ces Hikaru Nakamura, wai shi ma ya fito da sarauniya a taku na biyu. E, ya yi wa Krishnan Sasikiran haka a 2005, kuma shi aka ci.

Ka koma buɗin Italiya: e4, doki f3, bishof c4, ka ɓoye sarki da wuri. Taku biyar ko shida sun ishe ka, in ka san dalilin kowanne. Sauran lokacin ka buɗe wasanninka goma na baya, ka ƙirga sau nawa ka bar doki ko hasumiya babu kariya. Ka turo min adadin, sai mu yi maganar buɗin Sisiliyan.