Tambaya da Amsa: Neman Ainihin Launin Fenti a Kan Ƙananan Motocin Tsere

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun zo ne daga masu haɗa ƙananan samfuran motocin tsere na roba, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali domin mai saye ya harhaɗa su ya yi musu fenti da hannunsa, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi, wato launin da ya fito bai yi daidai da na motar gaske ba. Mun zaɓi guda huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Malam, na haɗa samfurin Ferrari 312T3 ta shekarar 1978 mai ma'aunin 1/20, wato motar gaske ta ninka tsawonta sau 20. Na fara fesa mata fentin shimfiɗa ruwan toka, sannan na bi da jan fenti na gwangwani, na kamfanin Tamiya mai lamba TS-8, amma da ya bushe sai ya fito da duhu kamar jan bulo, bai yi kama da jan da nake gani a hotuna ba. A ina na yi kuskure?

AMSA: Malam, amsarka tana cikin wasiƙarka, domin fentin shimfiɗa ruwan toka da ka ambata shi ne ya cinye maka hasken jan. Ja da rawaya da ruwan lemo launuka ne da ba su iya rufe abin da ke ƙarƙashinsu sosai. Haske yakan ratsa su ya taɓa shimfiɗar da ke ƙasa sannan ya dawo zuwa ido, saboda haka duk launin da ka shimfiɗa a ƙasa yana da hannu a cikin abin da za ka gani a sama. Da a kan farar shimfiɗa ka fesa wannan jan, da ka ga ya fito ja wur, kuma da a kan shimfiɗa ruwan hoda ka fesa shi, da ya rufe da wuri ba tare da ka yi ta maimaita feshi ba. Wannan ne ya sa kamfanonin fentin samfura suke sayar da fentin shimfiɗa fari da ruwan hoda baya ga ruwan tokar da kowa ya sani. Ruwan toka yana da nasa amfanin, domin shi ne ya fi tona asirin ƙarzuwa da ramukan da suka rage a jikin roba, don haka babu laifi ka fara da shi ka gyara abin da ya nuna maka, amma sai ka rufe shi da fari kafin ja ya hau.

Abu na biyu da nake so ka riƙe shi ne cewa launin da ke cikin gwangwani ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa huɗu da suke haɗuwa su ba da abin da ido zai gani. Sauran ukun su ne launin shimfiɗa, da yawan hawan da ka fesa, da kuma fentin rufi marar launi da ake bi da shi a ƙarshe domin sheƙi, irin su TS-13. Kowane ƙarin hawa na ja yana ƙara masa zurfi, fentin rufi kuma yana ƙara masa duhu kaɗan, kamar yadda dutse yake canza kama idan ya jiƙe. Saboda haka ba a yanke hukunci a kan murfin gwangwani, ba a kuma yanke shi a kan fentin da bai bushe ba. Hanyar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ita ce gwaji a bayan farin cokalin roba, domin bayansa yana da lanƙwasa irin ta jikin mota, yana nuna yadda haske zai zame a kan fentin. Ka jera cokula huɗu ko biyar, ka yi wa kowanne shimfiɗa dabam, ka rubuta a mariƙinsa abin da ka fesa da adadin hawan, ka kai aikin har zuwa fentin rufi, sannan ka bar su su bushe na kwana biyu kafin ka duba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma cokali ya fi jikin mota sauƙin zubarwa.

Da ka gama wannan kuma, akwai sauran magana a kan shi kansa jan Ferrari, domin ba launi ɗaya ba ne tun farkon tarihinta har yau. Motocinta na shekarun 1950 sun fi duhu, na ƙarshen shekarun 1990 sun karkata zuwa ruwan lemo a lokacin da alaƙarta da Marlboro, tabar sigarin da take tallatawa a jikin motocinta, ta yi ƙarfi, a tsakiyar kakar 2007 ta koma ja mai duhu da ƙyallin ƙarfe, sannan a 2019 motar SF90 ta fito da fenti marar sheƙi. Wanda ya tambayi lambar jan Ferrari ba tare da ya faɗi mota da shekara ba, tambayarsa ba ta cika ba. Kai ka faɗi taka, kuma a ganina TS-8 a kan farar shimfiɗa zai kai ka kusa ƙwarai da abin da kake nema.

TAMBAYA: Malam, ina aikin McLaren MP4/4 ta 1988. A duk bidiyon da na kalla ja ce da fari, amma wani abokina ya dage cewa sai na yi amfani da ja mai walƙiya wanda ya kusa zama ruwan lemo. Kuma sitikun da suka zo a kwalin ma jansu ya bambanta da fentin da na saya. Wanne zan bi?

AMSA: Abokinka yana da gaskiya, Malam. Wannan mota, wadda Ayrton Senna da Alain Prost suka ci tsere 15 cikin 16 da ita a wannan kakar, jan da ke jikinta mai walƙiya ne wanda ya karkata zuwa ruwan lemo, amma kyamarorin talabijin da filim ɗin ɗaukar hoto na wancan zamani ba su iya ɗaukar irin wannan walƙiya yadda take, sai su mayar da ita ja na yau da kullum. Waɗanda suka saba ganinta a allo kaɗai sukan yi mamaki idan suka tsaya a gabanta. A jerin fentin Tamiya, TS-36 shi ne jan mai walƙiya da aka saba amfani da shi a kan motocin McLaren na wancan zamani, kuma dole ne ya hau kan fari fat, in ba haka ba walƙiyar ta mutu.

A nan akwai zaɓin da babu wanda zai yi maka shi, wato ko motar da ta tsaya a filin tsere kake son kwaikwaya, ko kuwa motar da ka sani a talabijin. Ni dai ina tare da masu bin launin gaske, amma ban ga dalilin raina wanda ya zaɓi ja na yau da kullum domin shi ne yake tuna masa da tseren da ya kalla ba. Abin da kawai zan ja hankalinka a kai shi ne cewa fenti mai walƙiya yana koɗewa da sauri fiye da sauran, don haka kada ka ajiye samfurin inda rana take dukansa.

Batun sitika kuwa ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne inda mutane da yawa suke faɗawa. Idan a jikin mota akwai wurin da fenti zai haɗu da sitika mai launi iri ɗaya, to sitikar ce shugaba, domin fenti ana iya gyara shi amma launin sitika ya riga ya zauna. Idon mai kallo ba zai gane cewa janka ya ɗan kauce wa na motar gaske ba, tunda babu ita a wurin, amma nan take zai ga layin da ja biyu mabambanta suka haɗu. Saboda haka ka yanki wani ɓangare na sitikar da ba za ka buƙata ba, ka jiƙa shi ka manna a kan cokalin gwajinka, ka fesa musu fentin rufi tare, sannan ka kwatanta. Kada ka kwatanta da sitikar tana kan takardarta, domin launin takardar yana ruɗin ido, kuma siririyar sitika takan ɗauki wani abu daga launin da aka ɗora ta a kai. Idan sun ƙi haɗuwa duk da ƙoƙarinka, mafita ita ce ka ajiye sitikun jan gaba ɗaya, ka rufe farin da tef na musamman na masu fenti, ka fesa dukkan jan da fenti ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne yake kawar da matsalar daga tushe. Ka kuma kula wajen fesa fentin rufi mai kaifin sinadari a kan sitika: hawa biyu ko uku na farko su zama kamar hazo, a bar kowanne ya sha iska, domin feshi mai nauyi a tashin farko yana iya yamutsa sitika. Ni kaina na taɓa asarar lambar mota sukutum ta wannan hanya saboda gaggawa.

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa dole a ƙara fari a cikin fenti saboda ƙanƙantar samfuri. Haka ne?

AMSA: Maganar tana da tushe, Malama. Abin da yake nesa yakan yi haske-haske a ido saboda iskar da ke tsakani, kuma masu haɗa jiragen ruwa da na sama a ƙananan ma'aunai suna la'akari da haka. Amma wanda ya kalli mota mai ma'aunin 1/24 daga nisan santimita 30, kamar ya tsaya ne kimanin mita 7 daga motar gaske, kuma a wannan tazara launi ba ya canzawa yadda za a lura. Ƙara fari a cikin ja ma ruwan hoda zai ba ki, don haka ki bar shi yadda yake. Inda ƙanƙanta take da tasiri na gaske shi ne fenti mai ƙyallin ƙarfe, domin ƙwayoyin ƙyallin da ke cikin fentin manyan motoci sukan yi girma ainun a jikin samfuri. Ki nemi wanda ƙwayoyinsa suka fi laushi.

TAMBAYA: Malam, ina so in haɗa shuɗin Gulf, wato launin tallar kamfanin man fetur na Gulf, da kaina domin Ford GT40 da ta ci tseren Le Mans a 1969. Na tara hotuna sama da goma daga intanet, amma kowanne da irin shuɗinsa. Da wanne zan yi aiki?

AMSA: Kada ka ɗora aikinka a kan ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai, Malam. Hoton da ya fito daga 1969 ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso gare ka: irin filim ɗin da aka ɗauka da shi, da yanayin sararin sama a wannan sa'a, da tsufan da hoton ya yi, da na'urar da ta mayar da shi cikin kwamfuta, da kuma allon wayarka wanda shi ma yana da nasa son rai. Shuɗi mai haske irin na Gulf yana daga cikin launukan da suka fi saurin sauya kama a wannan tafiya, yakan karkata zuwa kore a wani hoton, ya koma ruwan toka a wani. Dabarar da za ta taimake ka ita ce ka duba wani abu a cikin hoton wanda ka tabbatar da launinsa, misali farin da'irar da ake rubuta lambar mota a kai. Idan wannan farin ya fito da rawaya-rawaya ko shuɗi-shuɗi, to ka san duk hoton ya karkata zuwa can, sai ka rage masa daraja. Hotunan motocin da ke gidajen adana kayan tarihi sun fi tsabta, amma yawancin tsofaffin motocin tsere an sake musu fenti bayan sun bar fage, wasu ma fiye da sau ɗaya, don haka su ma shaida ce da ake haɗawa da wasu.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen fentin da aka riga aka haɗa domin wannan mota, irin wanda Zero Paints ta Ingila ko Gravity Colors suke yi, sai dai waɗannan da ƙaramar bindigar feshi ake amfani da su, kuma sukan bushe ba sheƙi, sai an bi su da fentin rufi launinsu na gaske yake bayyana. Idan kuma ka ƙudura sai ka haɗa da kanka, ka fara da fari a cikin kwalba, ka riƙa ɗiga shuɗi a kai da kaɗan-kaɗan, domin ɗigon shuɗi ɗaya yana juya fari mai yawa, alhali mayar da shuɗi mai duhu zuwa haske yana cin farin da ba ka zata ba. Ka tsaya a kan nau'in fenti ɗaya na kamfani ɗaya, kada ka gauraya akirilik da inamel, ka ƙirga ɗigon ka rubuta, kuma ka haɗa fiye da abin da kake ganin zai ishe ka, saboda sake samun wannan gaurayen daidai a karo na biyu abu ne mai wuya, kuma ƙofa ko murfin injin da ya bambanta da sauran jiki ba ya ɓoyuwa. Don haka ne ma ake son a jera dukkan sassan jikin motar a fesa su a zama ɗaya.

Game da hasken da za ka yi hukunci a ƙarƙashinsa, launuka biyu suna iya zama ɗaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya-rawaya su kuma rabu da zarar an fito da su waje, saboda sinadaran launin da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Ka duba cokulanka da rana a cikin inuwa, kusa da taga, ko kuma a ƙarƙashin fitila mai kwaikwayon hasken rana wadda aka rubuta mata 5000K zuwa 6500K, sannan ka sake duba su a wurin da samfurin zai zauna idan an gama. Ka kuma ɗora ɗan fenti ruwan lemon da zai ratsa tsakiyar motar kusa da shuɗin kafin ka amince da shi, domin shuɗin yakan ƙara kaifi a ido idan ruwan lemo ya zauna a gefensa, kuma wanda ka ga kamar ya yi fari da yawa shi kaɗai yana iya zama shi ne daidai idan an haɗa su.