Mai karɓar koken matan da ake duka: albashinta halas ne?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni 'yar Azare ce, na karanci aikin kula da jin daɗin jama'a. An ɗauke ni aiki a wata cibiya a Bauchi da ke karɓar matan da mazajensu ke duka. Muna sauraronsu, mu raka su asibiti, wani lokaci har kotu. Kawuna ya ce wannan raba aure ne, albashin kuma haram. Mene ne matsayina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yata, ki kama aikinki. Halas ne, albashinsa ma halas, domin ijara ce a kan aikin da shari'a ta yarda da shi. Agaza wa wanda aka zalunta kuwa farilla ce ta kifaya: in kowa ya naɗe hannu, laifin ya hau kan gari duka.

Kawunki bai yi magana a iska ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ɓata mace ga mijinta ba ya tare da mu. Sai dai ɓatawar da ake nufi ita ce a sami mace tana zaune lafiya a ɗakinta, a yi ta hure mata kunne har ta tsani mijin. Wadda ta zo miki da kumburarriyar fuska ko karyayyen hannu fa, wa ya ɓata ta? Shi dai Abu Dawuda ya ruwaito cewa mata da yawa sun yi ta zuwa wurin iyalan Annabi (SAW) suna kai ƙarar mazajensu kan duka. Ba a kore su ba, ba a ce sun tona asirin gida ba. Mazan aka yi wa hukunci, Annabi ya ce: waɗannan ba su ne zaɓaɓɓunku ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya faɗa a littafinsa Muhtasar cewa mace tana da damar neman saki saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwarta ba. Kotunan shari'armu da wannan suke aiki. Dokar hana cin zarafi ta VAPP, wadda tarayya ta yi a 2015, Jihar Bauchi kuma ta karɓa a 2020, ita ma ta mai da dukan mata laifi. Saboda haka raka mace asibiti a rubuta rauninta, kafa hujja ne ga alƙali.

To amma ke ba alƙaliya ba ce. Kada ki ce wa mace "ki fita" ko "ki zauna". Ki shimfiɗa mata hanyoyin, ta zaɓa da kanta, domin ɓangare ɗaya kika ji. Kada ki koya mata ƙarin gishiri a bayani. Abin da ta faɗa miki amana ne, ba ya zuwa WhatsApp, ba ya zuwa hirar gidan biki. Kada ki keɓe da namiji, ko da mijin ne ya zo ban haƙuri.

Sulhu shi ne abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni: mai sasantawa daga danginsa, wani daga danginta. Amma a nan muke yawan kuskure, har da mu malamai. Sai a tara dattawa, a ce "ki yi haƙuri", a mayar da ita da yamma, ba a ɗauki wani alkawari daga mijin ba. In an kai ga shaƙe wuya, ko zare wuƙa, ko barazanar kisa, kare rai ne a gaba da sulhu. A irin wannan hali haramun ne ki gaya wa mijin inda take, ko da ya zo da rantsuwa da kuka. Ki sanar da waliyyinta in shi abin amincewa ne, sannan a kai maganar gaban hukuma.

Kawunki kuma ki je har gida ki karanta masa wannan cikin ladabi. In ya so, ya zo mu zauna.

Wallahu a'alam.