Daga Katsina Zuwa Sakkwato Ta Sama: Kilomita Nawa Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, ina da ɗaurin auren ƙanina a Sakkwato, kuma hankalina bai kwanta da bin mota ta Zamfara ba. Na je wajen mai sayar da tikiti ya ce sai na fara sauka Abuja. Wai nisan nawa ne tsakanin filayen jirgin biyu, har ake kai mutum kudu kafin a dawo da shi?
Daga wani mai karatu, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a auren. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina zuwa na Sultan Abubakar III a Sakkwato, a miƙe ta sama, kimanin kilomita 265 ne. Garuruwan biyu kusan kan layi ɗaya suke, wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka jirgi yamma kawai zai fuskanta ya ratsa saman arewacin Zamfara. Tazarar da ke tsakaninsu ta gabas da yamma kusan digiri biyu da rabi ce, kowane digiri kuma a nan yankin yana kai kilomita 108. Ka ga lissafin ya fito. Matuƙa jirgi kuwa da mil na teku suke awo, kowane ɗaya kilomita 1.852, to a bakinsu za ka ji wajen mil 143. Ƙaramin jirgi mai farfela ba zai kai awa guda ba.

To amma wannan nisan na taswira ne. Abin da mai tikitin ya gaya maka shi ne tafiyar da za ka yi da jikinka. Katsina zuwa Abuja wajen kilomita 445 ne, Abuja zuwa Sakkwato kuma kusan 490. Ka haɗa, sun haura 900, wato ninki uku da ɗoriya na abin da kake nema. Dalili kuɗi ne tsantsa. Jirgi ya fi shan mai wajen tashi da hawa sama, ga kuɗin sauka da ake biya a kowane fili, to gajeriyar tafiya ba ta biyan kanta sai kujeru sun cika. Masu zuwa Abuja da Legas ne ke cika jirgi kullum. Mutum nawa ne a Katsina zai sayi tikitin Sakkwato ranar Talata?

Ni ma ta taɓa ci da ni. Wata shekara da hunturu na yi irin wannan zagayen, na isa Abuja da hantsi, aka ce jirgi na biyu sai azahar. Hazo ya rufe, aka ɗaga zuwa la'asar, aka sake ɗagawa. Na yi magariba da isha a masallacin filin, jakata a gefe, daga bisani na nemi masauki a gari.

Shawarata, Alhaji, tikiti biyu ne a hannunka, kada ka matse su a rana ɗaya. Idan ɗaurin auren Juma'a ne, ka bar Katsina tun Laraba ka kwana Abuja, ka kama jirgin Sakkwato ranar Alhamis. In kuwa kuna da yawa a dangi, ku tambayi kuɗin shatar ƙaramin jirgi ku raba, shi ne kaɗai zai bi muku wancan layin na kilomita 265.