Me ya sa ake yawan ambaton guguwar 2011 a Amurka?

Malam, ka ce ƙanenka zai tafi karatu jihar Alabama, ka ji an ce guguwa ta yi musu ɓarna a 2011, kana son sanin ko abin tsoro ne.

Shekarar ta yi muni ƙwarai. Daga 25 zuwa 28 ga Afrilu, mahaukaciyar guguwa sama da 300 ta sauka a kudanci da gabashin Amurka, mutane fiye da 300 suka rasu, Alabama ce ta fi jin jiki. Ranar 27 ga Afrilu wata guguwar ta ratsa Tuscaloosa, garin da babbar jami'ar jihar take. Sai 22 ga Mayu wata ta afka wa garin Joplin a jihar Missouri, ta kashe mutum sama da 150, har asibiti ta lalata.

Dalili shi ne iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko tana haɗuwa da busasshiyar iska mai sanyi daga arewa, hadari ya riƙa juyawa. An fi ganin haka daga Maris zuwa Mayu.

Ba kowace shekara ake irin wannan ba, ka kwantar da hankalinka. Amma ka ja masa kunne: in jiniya ta yi ƙara, kada ya fita ɗaukar bidiyo, kada ya tsaya buɗe tagogi, kada ya fake ƙarƙashin gada. Ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko banɗakin tsakiyar gida marar taga, ya kare kansa da katifa.

Da ya isa, ya tambayi jami'ar inda mafakarsu take, ya kuma kunna saƙon gargaɗin hukumar yanayi a wayarsa.